Kwas ɗin sanin bindiga a Legas: bayani mai gamsarwa kan harsashi, amma an bar doka a ƙarshe

Tun watan Yunin 2022, lokacin da gwamnan Zamfara na wancan lokaci, Bello Matawalle, ya nemi jama'ar jiharsa su nemi lasisin mallakar bindiga domin kare kansu, maganar ta zama ruwan dare a majalisun 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege da Alaba Rago, musamman masu safarar shanu da hatsi da ke kwana a kan hanya tsakanin Arewa da Legas. Wannan ne ya sa na halarci wani kwas na yini ɗaya da wata cibiyar koyar da harbi da ke bayan gari ke shiryawa, inda ake yin karatu a aji da safe, a fita filin harbi bayan azahar da bindigogin cibiyar a ƙarƙashin kulawar malamanta. Wanda ya koyar da rukuninmu tsohon jami'in tsaro ne da ya yi ritaya, yana jin Hausa sosai, kuma hakan ya taimaki dattawan da ba su cika sakewa da Turanci ba.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda ya bi da tambayar da kowa ya zo da ita, wato wane harsashi ne ke tsayar da mahari nan take. Wani Alhaji mai sayar da raguna ne ya fara yin ta, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai wanda zai kayar da mutum da harbi ɗaya nake son ka faɗa mana." Malamin ya amsa da cewa, "Alhaji, da harsashi yana da ƙarfin wurgar da mutum baya, da kai ma mai harbin ya wurgar da kai, domin turin da ke tafiya gaba shi ne ke dawowa hannunka." Daga nan ya bayyana cewa mahari yana tsayawa ne ko dai saboda raunin ya shafi wani muhimmin sashe na jikinsa, ko saboda jinin da ya zubar, wanda ke ɗaukar lokaci, ko kuma, abin da ya ce ya fi faruwa, saboda tsoro ya sa ya fasa.

Tarihin da ya kafa hujja da shi daga Amurka yake, kuma ya iya ba da shi. A farkon ƙarni na 20, sojojin Amurka da ke yaƙi da Musulmin Moro a kudancin Filifin sun yi kukan cewa harsashin ƙananan bindigoginsu samfurin .38 (lambar na nuna faɗin harsashi a ma'aunin inci) ba ya tsayar da mayaƙan, abin da ya kai ga gwaje-gwajen harsasai a 1904, daga baya aka karɓi bindigar M1911 mai harsashi samfurin .45, wadda kurtunta, wato gidan harsashinta, ke ɗaukar guda 7 kacal. A 1985 rundunar ta koma Beretta M9 mai harsashin milimita 9 da kurtu mai ɗaukar 15. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 11 ga Afrilun 1986, jami'an hukumar bincike ta Amurka, FBI, suka yi musayar wuta da wasu 'yan fashin banki biyu a Miyami, aka kashe jami'ai 2, aka raunata 5, alhali tun farkon arangamar harsashin milimita 9 ya shiga ƙirjin ɗaya daga cikin 'yan fashin ya tsaya dab da zuciyarsa, amma ɗan fashin ya ci gaba da harbi. Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin, ta koma milimita 10, sannan samfurin .40 da ya fito a 1990, ta kuma kafa ma'aunin cewa dole harsashi ya ratsa inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren sinadarin gwaji mai taurin tsokar mutum. Amma a 2014 sashen horaswarta ya ba da shawarar a koma milimita 9, bisa dalilin cewa ƙirar harsasai ta inganta, kuma jami'ai sun fi samun abin da suka auna idan bindigar ba ta dukan hannu da ƙarfi. Shekara kusan talatin aka yi ana zagaye aka dawo inda aka taso, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya rage wa mutum ɗokin neman babban harsashi.

A kan yawan harsasan da kurtu ya kamata ya ɗauka, malamin ya yi wa ɓangarorin biyu adalci. Masu son babban kurtu, irin na bindigar Glock 17 mai ɗaukar 17, suna cewa a cikin firgici yawancin harbi kuskure ne, maharan kan zo su da yawa, kuma mutumin da aka tasa daga barci ba shi da natsuwar canza kurtu. Masu son a taƙaita kuwa suna nuni da dokar tarayyar Amurka ta 1994, wadda ta hana ƙera wa farar hula kurtun da ya wuce 10 har zuwa ƙarewar wa'adinta a 2004, da jihohi irin su Kalifoniya da suka riƙe wannan iyaka, da kuma harin Tucson na 2011, inda jama'a suka danne maharin da ya harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords a daidai lokacin da yake ƙoƙarin sa sabon kurtu. Misalin da ya fi taɓa ajin shi ne na Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini da 'yan sanda huɗu suka buɗe wa wuta a ƙofar gidansa a birnin New York a 1999, ba ya ɗauke da makami: harsasai 41 aka harba, 19 suka same shi. Malamin ya tambaye mu inda ragowar 22 za su tafi idan abin ya faru a gidan haya na Agege ko Idi-Araba, inda ɗakuna ke fuskantar juna, bangon bulo ɗaya ke raba iyali da iyali, yara kuma ke kwance a tsakar gida saboda zafi. Na so a ce ya daɗe a kan wannan tambaya fiye da yadda ya yi, domin ita ce ta shafe mu kai tsaye.

Babban aibin kwas ɗin yana cikin tsarinsa. An shafe kusan dukkan safiya ana muhawara kan ƙananan bindigogin hannu, sai dab da tashi aka gaya wa mutane cewa dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa su cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su. Abin da farar hula zai iya nema daga Sufeto Janar na 'yan sanda shi ne irin bindigar farauta, bindigar toka kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka samu da laifin tayar da hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata. A 2023 ma Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, sannan dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba tare da izini ba. Da an fara da wannan bayani, da rabin tambayoyin safiya ba su taso ba, kuma da an samu lokacin fayyace sashe na 33 na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya halatta amfani da ƙarfi wajen kare kai da dukiya gwargwadon abin da ya zama tilas kawai. Mutumin da ya harbi ɓarawon da ya riga ya juya baya yana gudu zai sha wahalar gamsar da alƙali cewa tilas ce ta sa shi, kuma wannan ya fi muhimmanci ga ɗan kasuwa fiye da bambancin milimita 9 da samfurin .45.

Filin harbin yana da tsafta da tsari, ba a kuma yi sassauci kan ƙa'idojin kiyaye haɗari ba: a ɗauki kowace bindiga tamkar da harsashi a cikinta, kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufin harbi, kada yatsa ya taɓa kunama sai an shirya, a kuma san abin da ke bayan wurin da aka auna. Wani matashi da ya juyo da bindiga yana dariya domin a ɗauke shi hoto, nan take aka karɓe ta aka zaunar da shi har aka tashi. Sai dai abin toshe kunne bai wadatar ba, ana ta karɓa-karɓa, lokacin da kowa ya samu a kan layin harbi kaɗan ne idan aka duba kuɗin da aka biya, ba a kuma koyar da komai game da tsayar da jini ko taimakon gaggawa ba, wanda gibi ne babba a darasin da ya shafe awanni yana bayanin raunin harsashi. An ware wurin salla, abin da ya kamata a yaba.

Wanda ke da lasisin bindigar farauta tun da daɗewa, ko yake zaune a gidan da ake ajiye ta, zai amfana da kwas ɗin, ko don ƙa'idojin ajiya da riƙo. Wanda kuma yake tunanin zai fito da hanyar samun bindigar aljihu domin gadin shagonsa, gara ya kashe kuɗin wajen ƙarfafa ƙofa, da fitilu masu aiki da hasken rana, da kuɗin masu gadin layinsu, yana sane da cewa dokar kamfanonin gadi ta 1986 ba ta yarda su ma su riƙe bindiga ba. Idan zai je duk da haka, ya nemi a fara masa da darasin doka tun da safe, ya kuma tafi da nasa abin toshe kunnen.