Kilimanjaro a watan Agusta: Marangu ko Machame?

Wani ɗan'uwa daga Unguwar Rimi a Kaduna ya ce su takwas ne za su hau dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya a hutun Agusta, yana tambayar hanyar da ta fi dacewa da su tsakanin Marangu da Machame.

Malam, lokaci dai kun dace. Sa'ad da ruwa ke tsuga a Kaduna, a Tanzaniya rani ake yi, daga Yuni zuwa Oktoba. Sai dai a yi shirin sanyi da cunkoso.

Marangu tana ruɗar mutane saboda ɗakunan kwana. Akwai su a Mandara, da Horombo, da Kibo, gado da katifa, kuma hanyar ba ta da tsauri. Amma an fi sayar da ita a kwana 5, kuma kullum sama ake yi: mita 2,700, sai 3,700, sai 4,700. Mutumin da ya taso daga Kaduna, garin da tudunsa bai wuce mita 600 da 'yan kai ba, jikinsa ba ya sabawa da ƙarancin iska cikin kwana uku. Ƙololuwar dutsen, wato Uhuru, mita 5,895 ce, kuma a can kowane numfashi kusan rabin abin da ka saba samu yake ba ka. Daga nan ciwon kai da amai da jiri ke farawa, ko da kai ne gwanin ƙwallon unguwa.

Machame tanti ake kwana, ƙafa ma ta fi shan wuya. Ribarta tana rana ta uku: a hau Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana, a gangaro Barranco, kusan 3,900, a kwana. Wannan hawa da saukar ne ke horar da jiki. Washegari sai katangar Barranco, inda ake kama dutse da hannu, amma ba a buƙatar igiya.

Mu dai Machame ta kwana 7 muke ba da shawara, mai yada zango a Karanga. In akwai wanda ba zai iya kwanan tanti ba, ku ɗauki Marangu ta kwana 6, da ƙarin dare a Horombo. Ta kwana 5 arha ce mai tsada.

Daren hawa ƙololuwa duk ɗaya ne a hanyoyin biyu. Tsakar dare ake tashi, da fitilar goshi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwan gora, shi ya sa ake cusa ta cikin riga. Ku sha lita 3 zuwa 4 a rana, ku bi takun ja-gora in ya ce "pole pole", wato sannu-sannu. Doka ma ba ta yarda a hau ba tare da ja-gora ba.

Tun kuna gida ku yi magana guda: wanda ya fara tangaɗi, ko haki yana zaune, ko magana ta rikice masa, sauka zai yi nan take tare da mataimakin ja-gora, ba lallashi, ba "saura kaɗan". Don haka ku tambayi kamfanin da zai kai ku, ja-gora nawa zai ba ku.

Kowa ya duba jininsa. Mai sikila kada ya je, mai AS ma sai ya ga likita, domin tsayi yana taɓa saifa. A wurin likitan ne za ku tambayi batun Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki sabawa da tsayi, ku kuma tanadi katin rigakafin shawara kafin ku sayi tikiti.