Doki ko tantabara: wanne aljihu zai iya ɗauka?

Duk yaron da ya taso a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, yana kallon mahayan Lamiɗo ranar sallah, da wuya ka raba shi da son doki. Sai dai kuɗin sayen dokin shi ne ƙarami. Kullum sai ya ci: harawa, dusa, dawa, ga kanwa a ruwan sha. Idan rani ya yi nisa, wajen Maris da Afrilu, ciyawa ta ƙare, damin harawa sai ya hau, doki kuwa bai san an yi tsada ba. Ga sirdi, ga linzami, ga likkafa, ga yaron da zai share muri. Ranar da ciwon ciki ya kama shi, gidan ba mai barci.

Tantabara fa? Tsohuwar tukunya a rataye jikin katanga, tsabar gero tafi ɗaya, kaskon ruwa, shi ke nan. Ƙwai 2 take yi, mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci, bayan kwana 18 ko kusa da haka a ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ma kana iya kai su kasuwa su sayo maka hatsi. Abokan gaba dai shaho da mage. Amma a kula, masu bin tantabarun ado na waje su ma suna zubar da sefa ba kaɗan ba.

Ni dai ga mai albashi ɗaya da iyali, tantabara zan ce. In ƙaiƙayin hawa ya taso, a roƙi aron dokin kawu da yamma, a kai masa damin harawa.