Injin yankan bishiya: wane girma za ka saya, kuma yaya za ka kauce wa jabu

Duk wanda ya zo neman shawarata a nan Bauchi kan injin yankan bishiya, abin da yake fara tambaya shi ne tsawon ƙarfen da sarƙa ke gudu a kai. Kowa dogo yake so. Ni kuwa sai in ce masa, Malam, wace bishiya za ka yanka? Sassabe rassan darbejiya da mangwaro a tsakar gida aiki ne daban, kayar da kirya ko maɗaci a gona kuma daban.

Inji ne ke jan sarƙa, saboda haka ƙarfinsa ake fara dubawa. Ƙananan irin MS 180 na kamfanin Stihl, mai cc 32 (cc shi ne ma'aunin girman inji) da ƙarfe inci 14 ko 16, na rassa ne da itacen girki. Idan iyakar aikinka ke nan, saya ka huta. 'Yan Chaina masu lamba 5200 da 5800 suna da araha, amma ban taɓa ganin wanda ya ci abinci da su shekara biyu a jere ba. Shi kuwa Stihl 070, wanda masu tsaga katako ke ji da shi, cc 106 ne, ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfe inci 36 ba, kuma tsohon samfurinsa ba shi da birkin sarƙa. A bar wa masu fasa gungume.

Nawa zaɓin shi ne Stihl MS 381, ko ƙanensa MS 382, da ƙarfe inci 20. Cc 72 ne, nauyinsa kilo shida da ɗoriya, za ka yini da shi kafaɗa ba ta sage ba. Da shi na yi aiki a gonaki wajen Dass da Toro, ya shiga busasshiyar kirya, itacen da ke dakushe gatari, bai shaƙe ba. Mutane suna mantawa cewa ƙarfe inci 20 yana kayar da bishiyar da kaurinta ya kusa ninki biyunsa, in ka yanka ta wannan gefe ka zagaya ɗaya gefen. Ajiye inci 25 a gida don ranar da ka haɗu da tsohuwar tsamiya. Dogon ƙarfe a kan ƙaramin inji wahala ce: sarƙa ta rage gudu, inji ya yi zafi, haƙoran da za ka wasa da magagari su ƙaru, hancin ƙarfen kuma ya fi saurin taɓo wani abu ya yi tsalle ya nufo fuskarka. Kayan gyaran 381, daga fistin har kafireta, ba sa wuyar samu, kuma a wurina wannan ya fi komai.

Amma duk wannan bayani banza ne in aka sayar maka da jabu. Ni an taɓa yi mini. Wani mai shago ya rantse mini cewa gangariya ne, launin lemo da fari irin na Stihl, suna raɗau a jiki. Mako na uku fistin ya kama ina tsakiyar aikin mutane, kuɗin da na ranta kuma na nan a wuyana. Da na koma sai ya ce ai ni ne ban iya haɗa mai ba. Alhali yadda kamfanin ya ce nake yi, kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T, wato mililita 100 a lita 5.

Tun daga ranar ba na duba fenti. Lambar inji nake nema, mai alƙaluma 9, a buge a jikin injin kansa, ba a kan takardar da aka manna ba. Alƙalamin farko yana nuna inda aka ƙera shi: 1 Jamus, 2 Amurka, 3 Barazil, 8 Chaina, domin kamfanin yana da masana'antarsa a birnin Qingdao. To in an ce maka ɗan Jamus ne, lamba kuma ta faɗi wani abu daban, ka riƙe kuɗinka. Duba kusoshi ma, na gaske masu kan tauraro ne. Sarƙar Stihl ta asali a Switzerland ake yin ta, da sunan a buge a jikinta. Wasu kuma tsohon inji na gaske suke samu, su zuba masa kayan ciki na jabu, su ce na hannu ne daga Turai. Wannan ya fi wuyar ganewa, don haka ka je da makaniken da ka yarda da shi, ya cire salansa ya leƙa fistin. In farashin ya faɗi ƙasa da rabin na dillalin kamfani, kada ma ka tsaya ciniki. Kuma kafin ka ƙirga kuɗi, a tayar da injin a gabanka, a yanka gungume da shi, a rubuta maka rasit da lambar injin a ciki.