Shekara ɗaya ba tare da babbar tukunyar oksijin ba: sharhi kan injin da na haɗa wa wutar gilashi

Babbar tukunyar oksijin irin ta masu walda tana ɗaukar kusan lita 7,000. Kan wutar da nake narka gilashi da shi yana shan kamar lita 15 a minti idan aikin matsakaici ne. Wanda ya yi lissafi zai ga ko awa takwas ba ta kaiwa. Haka na yi shekaru, ina aiki ido ɗaya a kan gilashi, ɗaya a kan geji, wato agogon da ke nuna matsin iska, ina rage wuta a inda bai kamata a rage ba don kada tukunya ta yanke mini a tsakiyar aiki. Bara na haɗa wa kaina tsarin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki ya tara ta a tanki. Yau shekara guda ke nan ina amfani da shi kusan kullum, kuma ina ganin na san shi sanin da zan iya gaya wa 'yan uwa masu wannan sana'a abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Kayan ba su da yawa. Injin tace oksijin guda biyu, irin wanda ake yi domin marasa lafiya, kowanne an rubuta masa lita 10 a minti. Kwamfaresa ɗaya, mai matsa iska cikin tanki, wadda ba a zuba mata baƙin mai. Tanki mai cin lita 200. Sai ƙananan abubuwa: bawul mai hanya ɗaya a bayan kowane inji don kada ɗaya ya tura wa ɗan uwansa iska, makunnin da ke kashe kwamfaresa idan matsi ya kai bar 7 (bar ma'aunin matsin iska ne) ya kunna ta idan ya sauka, bawul ɗin da ke sakin iska da kansa idan makunnin ya gaza, regileta mai daidaita matsin iskar da ke zuwa kan wuta, da makarin da ke hana wuta komawa cikin mesa, ɗaya a layin oksijin, ɗaya a layin gas.

Dalilin duk wannan wahala shi ne zafi. Gas ɗin furofen idan ya ci da iskar da muke shaƙa, zafinsa bai kai digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas ba. Idan aka haɗa shi da oksijin sai ya haura zuwa kusan 2,800. Gilashin borosiliket, wanda muke kira boro, yana fara laushi a wajen digiri 820, amma ba ya biyuwa yadda ake so sai ya kai kusan 1,250, kuma dole zafin ya shige shi da sauri kafin ya tsere. Ga shi furofen mayunwaci ne: kowace lita ɗaya tana neman lita biyar ta oksijin kafin ta ƙone ƙurmus. Shi ya sa tukunyar gas take daɗewa, ta oksijin kuwa kamar an huda ta.

Yadda injin ke aiki ya burge ni tun ranar da na buɗe murfinsa. Iskar da ke kewaye da mu kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, ragowar mafi yawanta wata iska ce da ake kira agon. A cikin injin akwai gwangwani biyu dogaye cike da wani tsaki mai suna ziyolait. Idan aka matsa iska cikin gwangwani na farko, tsakin yana riƙe naitirojin, oksijin ta wuce. Kafin ya cika sai injin ya juya zuwa na biyu, na farkon ya saki abin da ya riƙe ya koma fanko. Wannan juyin ne ake ji kamar numfashi, fuu, fuu, duk bayan 'yan daƙiƙoƙi. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1960 aka ba injiniya Charles Skarstrom takardar mallakar fasahar a Amurka. Amma tana da iyaka: tsakin ba ya raba agon da oksijin, don haka ko injin sabo ne fil ba ya wuce kashi 95 ko 96 cikin 100. Ta tukunya kuwa tana haura 99. Wannan tazarar ana jin ta a hannu. Wutata ta yanzu ba ta da kaifin wutar tukunya, kuma duk wanda ya ce maka babu bambanci ko kaɗan, ka tambaye shi kaurin gilashin da yake aiki da shi.

Tankin shi ne ya mayar da waɗannan injina abin aikin gaske. Su kaɗai, matsin da suke bayarwa ƙanƙani ne, ya isa ƙaramin kan wuta na masu yin duwatsun ado da gilashi mai taushi, wanda ya fi boro saurin narkewa, amma ba ya ciyar da babban kai. Da tanki kuwa lamarin ya canza. Lita 200 a matsin bar 7 tana riƙe da kusan lita 1,400 ta oksijin. Ina iya amfani da kamar 1,000 kafin matsi ya sauka inda wuta za ta fara raurawa. Idan na buɗe babbar wuta mai shan lita 30 a minti, injinan biyu na zuba 16 (takwas-takwas, zan faɗi dalili a gaba), tanki na cike giɓin 14, sai in samu sama da awa ɗaya ina aiki mai nauyi ba tsayawa. Da yake babu mai riƙe babbar wuta tun safe har dare, duk lokacin da na koma ƙaramar wuta ko na je sa kaya a tanderu, tankin yana mayar da abin da ya rasa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi.

A watannin farko geji kaɗai nake kallo. Idan allura ta hau da sauri sai in ji daɗi. Na murɗa makunnin kowane inji har ƙarshe, ƙwallon da ke nuna gudun iska ya haye saman layin 10, kwamfaresa kuma tana zuƙa iyakar ƙarfinta. Tanki na cika cikin ɗan lokaci. Amma wutar ba ta yi mini ba. Tana da ƙara, tana da tsawo, sai dai sandar boro da na saba narkawa nan da nan ta koma ɗaukar lokaci. Daga nan launuka suka fara magana. Shuɗi mai ruwan kore, wanda tagulla ce ke ba shi launi, ya riƙa fitowa da jan zane kamar na bulo. Shuɗin da ƙarfen kobal ke ba shi launi ya yi toka-toka a fuska. Launukan da ke da azurfa a ciki suka daina fitowa tas, suka koma dusu-dusu. Duk mai wannan aiki ya san alamar: wutar da oksijin bai ishe ta ba tana fizgar shi daga jikin gilashi, ƙarafan da ke ba da launi su canza kama. Na wanke bakin kan wuta, na canza sanduna, na rage gas. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Sai na sayi ƙaramar na'urar auna tsantsar oksijin, wadda ke shiga tafin hannu. Na ɗora ta a bakin tanki, ta nuna 79. Geji yana cewa tanki a cike yake, kuma gaskiya ya faɗa, a cike yake, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke ciki ba ya ƙona komai, zafin wuta ma yake sha.

Abu uku ne suka haɗu. Na farko, idan aka ja iska daga injin fiye da ƙarfin tsakinsa, naitirojin na tsallakewa ta biyo oksijin. Na sauke kowanne zuwa lita 8, na sa bawul mai allura a gaban kwamfaresa don kada ta zuƙi fiye da abin da ake ba ta. Na biyu, sabon tanki ba fanko ba ne, akwai lita 200 ta iskar ɗaki a ciki. Ko da oksijin mai kashi 93 aka cika shi zuwa bar 7, abin da zai fito bai wuce 84 ba. Sai an cika an zubar sau biyu ko uku, a waje, nesa da wuta. Haka kuma injin yana bukatar mintuna kaɗan bayan kunnawa kafin tsantsarsa ta hau, don haka iskar farko ba ta shiga tanki. Na uku shi ne ya fi ɓata mini rai. Ɗaya daga cikin injinan, wanda na saya na hannu, mai sayarwa ya rantse mini lafiyarsa ƙalau, awannin da mitarsa ta nuna ma ba su da yawa. Ashe ya daɗe a ajiye a wuri mai laima. Ziyolait yana son ruwa fiye da yadda yake son naitirojin, kuma da zarar ya sha danshi ba ya sakinsa a irin wannan juyin. Injin da ya zauna ba a kunna shi yana iya fin wanda ya sha aiki lalacewa. Sai da na canza masa gwangwanayen biyu. Bayan wannan gyara na'urar ta tsaya a 92 zuwa 93, jan zanen ya ɓace daga shuɗina, kuma tankin da yanzu ke ɗaukar kusan awa ɗaya da rabi kafin ya cika ya fi wancan mai saurin cika aiki nesa ba kusa ba.

Da zan sake farawa, na'urar awon ce farkon abin da zan saya, kafin injin ma. Da ita zan je wurin mai sayarwa, in kunna injin, in jira minti goma, in auna a gabansa.

Maganar haɗari ba zan yi ta da sassauci ba, domin a nan ne nake ganin mutane suna wasa da ransu. Oksijin ba ta ci da kanta, amma tana sa abin da ba ya saurin kamawa ya kama, wanda ke ci kuma ya ci kamar an zuba masa fetur. Gobarar kumbon Apollo 1 a ranar 27 ga Janairu 1967, wadda ta kashe 'yan sama jannati uku suna gwaji a ƙasa, a cikin ɗaki mai cike da tsantsar oksijin ta tashi. Mai da giris su ne manyan abokan gaba. Akwai tsohon tankin kwamfaresa da aka ba ni kyauta, na leƙa cikinsa da fitila na ga maiƙo da tsatsa, ban taɓa shi ba. Araha ba ta ado. Na sayi sabo, aka wanke cikinsa aka busar. Kuma a sani, rubuta "mara mai" a jikin kwamfaresa ba ya nufin an ƙera ta domin oksijin. Yawancin tankuna da kwamfaresocin iska, masu ƙera su ba su amince a sa musu oksijin ba. Na nemi wadda aka yi don wannan aiki, kuma a nan mafi yawan kuɗina ya tafi. Ban yi nadama ba. Mahaɗan bututu duk na tagulla ne ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ba na taɓa su da hannu mai maiƙo, bawul kuma a hankali nake buɗe shi, domin iskar da aka matse farat ɗaya tana ɗaukar zafi. Duk mako ina bin mahaɗai da ruwan gwada yoyo wanda ba shi da mai. A ƙa'idar kare ma'aikata ta Amurka, iskar ɗaki da oksijin ɗinta ya haura kashi 23.5 cikin 100 ta zama haɗari, kuma hanci ba ya jin wannan. Tankin yana wani ɗaki dabam mai shan iska, tukunyar gas kuma tana waje.

Wani abu da ya kamata a faɗa: injin da ya shiga shagon gilashi ya bar aikin jinya har abada. Kada a ɗauke shi a ba mara lafiya, kada kuma a shaƙi abin da ke cikin tankin.

Sauran ƙorafe-ƙorafena ƙanana ne. Akwai ƙara, kuma bayan awa shida tana gajiyar da kai. Akwai zafi, don kowane injin lita 10 yana cin wutar lantarki wajen wat 600, ga ta kwamfaresa, duk kuma a ɗaki take ƙarewa. Soson tace ƙura yana son wanki kowane mako. Idan lantarki ya ɗauke, abin da ke tanki shi ke nan, shi ya sa har yau akwai ƙaramar tukunya ɗaya a kusurwa, don in ƙarasa abin da ke hannuna in kai shi tanderu a digiri 565 kafin ya tsage.

Wa zan ba shawarar ya haɗa irinsa? Mai yin duwatsun ado da gilashi mai taushi ba ya bukatar duk wannan, inji ɗaya kai tsaye zuwa kan wuta ya ishe shi. Mai aikin manyan bututun boro masu kauri, wanda ke riƙe babbar wuta awa da awanni, zai ji injina biyu sun yi masa kaɗan, ko dai ya ƙara adadinsu ko ya zauna a kan tukunya. Wanda ba ya jin daɗin riƙe sifana da bin yoyo, shi ma ya haƙura. Amma wanda yake tsakiya irina, mai ƙwallaye, ƙananan kofuna da abin wuya, wanda ke zama gaban wuta kwana huɗu ko biyar a mako, wannan tsari zai canza masa yanayin aiki. Abin da na fi amfana da shi shi ne na koma gwaji. A da ba na yarda in ɓata oksijin a kan siffar da ban tabbata za ta fito ba. Yanzu ina iya yin yamma guda ina maimaita ƙafar kofi ɗaya har hannuna ya gane ta.

Da safe nakan kunna injina, in bar su suna numfashi minti goma bakinsu a waje, in ɗora na'urar awo. Idan ta nuna 90 ko sama sai in buɗe wa tanki. Makon jiya injin na biyu ya fara nuna 89, don haka na riga na yi odar gwangwanayensa.