Tsaron cibiyar bayanan soja da ta 'yan sanda: inda suka haɗu da inda suka rabu

Malam, ka tambaya ko akwai wani bambanci na gaske tsakanin yadda ake gadin ginin da sojoji ke ajiye manyan kwamfutocinsu da yadda ake gadin na 'yan sanda, tunda kowanne akwai katanga, akwai kyamara, akwai mai bindiga a bakin ƙofa. Ka kuma ƙara da cewa me zai hana a haɗa su a gini ɗaya cikin bariki, a huta da kashe kuɗi sau biyu. Bambanci kam akwai shi, sai dai ba a jikin katanga ake ganinsa ba, yana cikin abin da kowannensu ke jin tsoro. Soja yana tsoron abokin gaba ya ga sirrinsa ko ya rusa masa ginin da makami, don haka in abu ya ƙure gara ya ƙona bayanan da hannunsa. Shi kuwa ɗan sanda yana tsoron bayanan su ɓace ko a taɓa su, har ma yana tsoron lauya ya tashi a kotu ya ce an taɓa su alhali ba a taɓa ba, shi kuma ya rasa abin da zai ƙaryata shi da shi.

Daga waje suna kama, kuma ba zan daɗe a nan ba. Ana gina su ne hawa-hawa: tazara tsakanin titi da gini, shinge, turakun ƙarfe masu tare mota, ɗakin masu gadi, sannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya har zuwa akwatin da kwamfuta ke ciki. Turken da ya samu babbar daraja a gwajin Amurka shi ne wanda ya tsayar da mota mai nauyin kilo 6,800 tana gudun kilomita 80 a awa, kuma an ƙara matsa wa batun tazara ne bayan motar da ta tashi da ginin gwamnati a birnin Oklahoma ranar 19 ga Afrilu 1995, ta kashe mutum 168. Akwai kuma wata ƙofa da za ka samu a duka biyun, wani ɗan lungu mai ƙyaure biyu wanda mutum ɗaya kaɗai yake ɗauka. Ka goga katinka, ƙyauren farko ya buɗe, ka shiga ya rufe a bayanka. Na biyu ba zai motsa ba sai ka ɗora yatsa ko ka kalli na'urar duba ido, a wasu wuraren ma ƙasan lungun sikeli ne, in nauyin ya nuna mutum biyu ne sai a bar ku a ciki har mai gadi ya zo. Wannan duk don maganin ɗabi'ar riƙe wa na baya ƙofa ne, wadda ladabi ce a ko'ina amma a nan ɓaraka ce.

Rabuwar tana farawa ne daga tambayar wa ake zaton zai kawo hari. Mai zana ginin soja yana lissafi da wata ƙasa, mai jiragen yaƙi da makamai masu linzami da 'yan leƙen asiri masu haƙuri. Shi ya sa Amurka ta fara haƙa cikin dutsen Cheyenne a jihar Kolorado a 1961, ta kafa gine-gine ƙarƙashin dutse mai kaurin kusan mita 600, a bayan ƙyamaren ƙarfe masu nauyin tan 25, ta kuma ɗora gine-ginen a kan manyan sifirin sama da 1,300 domin su yi lilo maimakon su tsage idan ƙasa ta girgiza. Ba fashewa kaɗai ake gudu ba. A watan Yuli na 1962 Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya a sama, kimanin kilomita 400 daga ƙasa a yankin tekun Fasifik, sai ga fitilun titi sun mutu a Hawai mai nisan sama da kilomita 1,400. Tun daga lokacin ake lulluɓe muhimman ɗakunan soja da ƙarfe ta kowane ɓangare, ana kuma tace duk wayar da za ta ratsa bango, don kada irin wannan bugun lantarki ya soya abin da ke ciki. Ban ga dalilin da zai sa rundunar 'yan sanda ta kashe kuɗinta a kan wannan ba, domin masu kawo mata hari su ne gungun masu laifi, masu tarzoma, ko wanda ake tuhuma da ke neman a ɓatar da fayil ɗinsa.

Wannan lulluɓin ƙarfe yana da aiki na biyu, wato hana sirri tsiyaya waje. Kowace na'urar lantarki tana fitar da wani ɗan amo na lantarki irin na rediyo, da kunne ba ya ji, wanda mai kayan aiki zai iya kamawa daga nesa ya mayar da shi rubutu. Injiniyoyin kamfanin Bell sun lura da haka a jikin na'urar aika saƙon sirri tun a 1943, kuma a 1985 wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Wim van Eck, ya nuna wa duniya cewa da kayan talabijin masu araha ana iya karanta abin da ke fuskar kwamfutar wani daga wajen gini. Ƙa'idojin da ke maganin wannan su ake kira TEMPEST, kuma a ƙarƙashinsu ana raba wayoyin da ke ɗauke da saƙo tsirara, waɗanda ake kira ja, da waɗanda ke ɗauke da saƙon da aka kulle, waɗanda ake kira baƙi, ba a bari su kusanci juna. A ɗakin sirri irin na Amurka mutum yana ajiye wayarsa da agogonsa mai intanet a akwati a waje, bango yana hana murya fita, duk bututun iska da ya kai girman da mutum zai kutsa ana gitta masa ƙarafa.

Matsalar 'yan sanda ta juya wannan baya. Bayanansu ba su da amfani sai an buɗe su sau dubbai a rana, kuma masu buɗewar suna warwatse: jami'i a cikin motar sintiri da ya tsayar da direba, mai karɓar kiran gaggawa, ma'aikacin kan iyaka, mai gabatar da ƙara. Babbar cibiyar bayanan FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, tana Clarksburg a jihar West Virginia, a nan ake ajiye zanen yatsu da tarihin masu laifi, amma hukumomin tsaron doka kusan 18,000 ne a faɗin Amurka, galibinsu ƙananan ofisoshi. Ko an mayar da Clarksburg tamkar dutsen Cheyenne, ƙofar shiga bayanan tana nan a wani ƙaramin caji ofis inda kwamfuta ke kan tebur. Saboda haka ƙa'idar tsaron da FBI ta gindaya wa duk mai son haɗa na'urarsa da tata ta fi damuwa da abubuwan da za su yi wa soja kama da ƙananan abubuwa: a binciki tarihin duk wanda zai shiga ɗakin ba rakiya ta hanyar zanen yatsansa, ko da mai shara ne ko mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, baƙo kada ya yi taku ɗaya ba ɗan rakiya, a juya fuskar kwamfuta yadda wanda ya zo kawo ƙara ba zai leƙa ba.

Inda na fi ganin rabuwar ƙarara shi ne ranar da abu ya lalace. Kowane wurin soja da ke kusa da abokin gaba yana da tsarin lalata kaya cikin gaggawa, an jera abin da za a fara ƙonawa da abin da zai biyo baya, kuma tarihi ya koya musu cewa lokaci ba ya isa. Koriya ta Arewa ta kama jirgin ruwan leƙen asirin Amurka mai suna Pueblo a Janairu 1968 da tarin takardu da na'urorin da ba a gama lalatawa ba. A 1979 waɗanda suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran sun zauna sun harhaɗa takardun da aka yayyanka, silli bayan silli, har suka buga su littafi-littafi. A Afrilu 2001 ma'aikatan jirgin saman Amurka da ya yi saukar dole a tsibirin Hainan na Sin sun yi ta farfasa kaya kafin su sauka, ba su gama ba. Shi ya sa yau faifan ajiya na soja ba ya fita daga gini da ransa: mai maganaɗisu a saka shi cikin injin da ke goge shi sannan a murƙushe, na zamani kuwa wanda maganaɗisu ba ya yi masa komai, ƙa'idar NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, ita ce a niƙa shi har gutsurensa kada ya wuce milimita 2.

Ka kwatanta wannan da faifan da ɗan sanda ya ƙwato daga gidan wanda ake zargi. Yana shiga jaka mai hatimi, a rubuta lamba da rana da sa'a da sunan wanda ya ɗauka. Duk wanda ya karɓa daga hannun wani sai ya sa hannu, ko da daga wannan ɗaki ne zuwa na kusa. Masani ba ya aiki a kan ainihin faifan. Yana haɗa shi da wata na'ura da ke bari a karanta amma ba ta bari a rubuta, ya kwafe shi kaf, sannan ya fitar da wata doguwar lambar tantancewa wadda ke canzawa gaba ɗaya idan ko harafi ɗaya ya sauya a ciki. Bayan shekara uku ko biyar, a gaban alƙali, za a sake fitar da lambar a gwada ta da ta farko, a kuma karanta jerin hannayen da faifan ya bi. Idan aka samu awa biyu da ba a san inda yake ba, lauyan wanda ake ƙara ya samu abin da yake nema, ko da ba wanda ya taɓa komai. Ke nan littafin shige da fice na ɗakin 'yan sanda shi kansa hujja ne da za a iya nema a kotu, alhali na soja sirri ne da ba a son kowa ya gani.

Haka kuma 'yan sanda ba sa iya jure katsewa, domin a bayan kowace daƙiƙa akwai mai kiran neman agaji. Safiyar Kirsimeti ta 2020 wani mutum ya tayar da bam a cikin mota kusa da ginin sadarwa na kamfanin AT&T a birnin Nashville na Amurka, layukan kiran gaggawa suka mutu a sassan jihohin Tennessee da Kentucky da Alabama, alhali ba ginin 'yan sanda aka kai wa harin ba. Maganin wannan shi ne wuri na biyu mai nisa, ba ƙarin kaurin bango ba. Tarayyar Turai tana ajiye babbar na'urar bayanan Schengen, wato yankin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, wadda 'yan sanda da jami'an kan iyaka ke dubawa, a Strasbourg ta Faransa, madadinta kuma yana Sankt Johann im Pongau a Ostiriya. Gobara ma ba ta tambayar kakin wa ke gadi. Ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVH, kamfanin ajiye bayanai, a Strasbourg a Maris 2021, kuma a Satumba 2025 batirin litiyam ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, ɗaruruwan ayyukan gwamnati suka tsaya, wata ma'ajiyar fayilolin ma'aikata da ba ta da kwafi a wani wuri ta salwanta.

Akwai wurin da duka biyun suka sha kashi iri ɗaya, wato hannun na cikin gida. Babbar ɓarakar da aka yi wa na'urorin sojan Amurka a 2008 ta shiga ne ta filash da aka soka a kwamfuta a wani sansani a Gabas ta Tsakiya. Chelsea Manning, wadda ke cikin sojan Amurka a lokacin, ta fitar da dubban ɗaruruwan takardu a 2010 ta hanyar kwafe su a faifan CD, Edward Snowden kuma, ma'aikacin kwangila, ya kwashi nasa a 2013 yana da cikakken izinin shiga ginin NSA a Hawai. Ba wanda ya haura katanga a cikinsu. Bayan Snowden ne shugaban hukumar na lokacin, Janar Keith Alexander, ya sanar da dokar mutum biyu, wato kada mai kula da na'ura ya taɓa abu mai muhimmanci shi kaɗai. A wajen 'yan sanda ɓarnar na ciki ba ta cika yin girma haka ba amma ta fi yawa: jami'in da ya duba adireshin tsohuwar matarsa, ko wanda ya sayar wa mai laifi labarin cewa ana bibiyarsa. Kyamarar bakin ƙofa ba ta kama wannan, sai rajistar da ke nuna wa ya nemi sunan wa, da kuma mutumin da aikinsa shi ne ya zauna ya karanta rajistar.

Game da haɗa su a bariki kuwa, ra'ayina shi ne ana iya haɗa harabar, a yi tarayya a katanga da janareto da masu gadin waje, musamman idan ana maganar wurin ajiye kwafi na biyu, amma ban yarda a haɗa ɗaki ko makulli ba. Ranar yaƙi bariki na cikin wuraren da abokin gaba zai fara nema, kuma dokar yaƙi ta halatta masa, don haka wanda ya kai zanen yatsun farar hula da hujjojin kotu can ya ajiye su a bakin wuta. Sannan masanin da lauyan wanda ake ƙara ya ɗauko yana iya samun umarnin kotu ya duba yadda aka ajiye hujja, kuma da wuya kwamandan sansani ya buɗe masa ɗakin da ko wayar janar ba ta shiga. In dole sai an haɗa, to ɗakin 'yan sanda ya kasance da ƙofarsa daban, katinsa daban, littafin shige da ficensa a hannun jami'in da zai iya tsayawa a kotu ya rantse a kansa, kuma a rubuta ƙarara cewa tsarin lalata kaya cikin gaggawa na sansanin bai shafi abin da ke bayan wannan ƙofar ba.