pt-query-digest ya fitar da ni kunya a kasuwar Singa

Ni ke kula da saba (babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai) ta wani shagon sari a Singa, MySQL muke amfani da shi, wato manhajar databes da ke ajiye bayanan kaya, kashiya shida ne ke buga rasit a lokaci guda. Ana saura kwana kaɗan azumi sistem ya fara nauyi, sai wani da ya taɓa yi mana aiki ya ce a kunna general_log, wato rajistar ayyukan MySQL, a ga abin da ke faruwa, muka kunna. Wallahi kar ku yi haka kan databes mai cunkoso ku bar shi a kunne. Shi wannan log ɗin duk kweri (tambaya ko umarnin da ake tura wa databes) da ta shigo sai ya rubuta ta, har shiga da fitar kowane konekshan, kuma a kan faifai ɗaya da ainihin bayanan kaya yake rubutun, to ka ga faifan aiki biyu yake yi kenan, ga fayil yana ta kumbura. Kafin la'asar layi ya kai bakin ƙofa, Alhaji ya kira ni yana cewa "Malam, me ya samu injin nan ne?" Ba banza ba MySQL ke zuwa da shi a kashe.

Na kashe log ɗin da umarnin SET GLOBAL, ko ristat ban yi ba. Sai na kunna slow_query_log, wato log ɗin kweri masu jinkiri, long_query_time (iyakar lokacin da kweri za ta wuce kafin a rubuta ta) da ke kan sakan 10 na mai da shi sakan 1, masu nauyin kawai yake kamawa.

Nan ne pt-query-digest, manhajar da ke tantance irin wannan log ɗin, ya burge ni gaskiya. Cikin Percona Toolkit yake, wani kunshin kayan aikin databes, kyauta ne. Ka miƙa masa fayil ɗin slow_query_log, ya haɗa kweri masu kama da juna wuri ɗaya ko da lambobin cikinsu sun bambanta, ya jero maka su daga wadda ta fi cin lokaci. Ta farko a namu ashe neman kaya da suna ce, babu indes (fihirisar da ke saurin gano bayani) a kanta, duk teburin take karantawa duk sanda kashiya ya buga harafi. EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda MySQL zai gudanar da kweri, ya tabbatar, na sa indes, shi kenan.

Inda pt-query-digest ya ɗan gaza, rahotonsa rubutu ne zalla a baƙin allo, sabon shiga zai sha wuya kafin ya gane kansa. Kuma ka kwashe fayil ɗin zuwa laftof ɗinka ka yi binciken can, kar ka ƙara wa saba kaya da rana tsaka ana ciniki.