Masu kiwon kifin ruwan gishiri, ku yi hattara da mai sayar da dutsen tace ruwa na bogi

Naira dubu 185. Sai na sake faɗa don ku ji da kyau, Naira dubu 185 na tura wa wani mutum a kan dutsen tace ruwa, ya aiko min da tsakuwa daga Legas. Kuɗin mota daban, kifayen da suka mutu daban.

Tankina mai cin lita 400 ne a nan Abuja, da ƙaramin tanki a ƙarƙashinsa inda ruwa ke gangarawa a tace shi ya koma sama. A can ake zuba dutse mai ramuka da bakteriya ke zama a ciki, su mai da amoniyar kashin kifi ta zama nitirit, nitirit ta zama nitiret. Sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Shi kuwa ya ce yana da irin dutsen nan mai suna Seachem Matrix, lita 4, da ya daɗe a cikin nasa tankin, bakteriyar a raye, in zuba in sa kifi kawai.

Kada wanda ya ce min garaje na yi. Na tambaye shi, na kuma tambaya. Na ce ya kira ni ta bidiyo, ya kira. Ya nuna min robar Matrix, ya sa hannu cikin ruwa ya ɗebo dutsen ina kallo. Da na kawo zancen ƙwallayen roba da wasu ke zubawa maimakon dutsen, shi da kansa ya ce, "A'a Alhaji, waɗannan datti suke tarawa, nitiret ɗinka zai hau." Kuma gaskiya ya faɗa! Wanda bai san harkar ba ina zai san wannan? Har wasu kayan tace ruwa irin su Siporax da bulon MarinePure ya lissafo min, ya ce Matrix ya fi dacewa da girman tankina. Wannan "a'a Alhaji" ɗin har yanzu tana min yawo a kunne. A nan na sakankance, a nan na tura dubu 185.

Ranar da na ga kifayena biyu nau'in ocellaris (clownfish) suna haki a saman ruwa, gwaji ya nuna amoniya, wadda guba ce ga kifi, ta kai 2. Kafin nan ma jatan landen ya riga ya mutu, tun washegarin da na zuba kifin. Kai, bari in koma baya. Kayan sun iso a jiƙe cikin leda, launin ƙasa-ƙasa, kamar yadda tsohon dutse yake idan ya daɗe a ruwa, shi ya sa ido ba zai gane ba. Leda biyu ce, ɗaya na zuba, ɗaya na ajiye. Ita ce ta tona masa asiri. Na ɗiga ruwan cikinta a ma'aunin gishiri, ya nuna 1.000. Ruwan tankina 1.025 ne. Ko ƙwayar gishiri babu a ciki, sai ƙarnin kududdufin tarwaɗa. Bakteriyar ruwan daɗi ba ta aiki a ruwan gishiri, kuma ya sani sarai.

Da na wanke dutsen sai ga tsakuwar gini, mai nauyi, sumul. Matrix na gaske ba shi da nauyi, duk jikinsa ƙananan ramuka ne kamar dutsen goge kaushi. Tsakuwa, a kan dubu 185!

Na kira shi, ya ce wai ruwana ne ba kyau. Na tura masa hoton ma'aunin, ya karanta, ya toshe ni. Hotunan hirarmu, da shaidar tura kuɗin, da bidiyon gwajin duk suna wayata, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin da ba nasa ba.

Ku sayi dutsen a cikin robarsa a rufe daga shagon da za ku iya takawa ku shiga. In an ce muku dutsen na da bakteriya, ku auna gishirin ruwan da ya zo ciki, ku gwada amoniya kafin ku sa kifi.

Yarana ne ke ba kifayen nan abinci kowace safiya, su suka fara gani. Gobe in Allah Ya kai mu zan kai ƙorafi banki da lambar asusun da na tura wa kuɗin. Ban yafe ba, wallahi ban yafe ba.